Wadda Ba a Kiran Sunanta

Duk wanda ya san Malam Obadiya, hedimastan firamare a Kona, ya san abu biyu yake taƙama da su a duniya: 'yarsa Rejoice, da sanin halin Fulani. Na farkon kowa ya yarda ya isa a yi taƙama da shi. Na biyun kuwa ya gundure jama'a. A Lau ya tashi, gidansu zana ɗaya ce ta raba shi da gidan wani Arɗo, ya sha kindirmo da 'ya'yan gidan a ƙwarya ɗaya, Fillanci kuma ya zauna a bakinsa daram. In ana hira a gindin mangwaron coci bayan sujada, wani ya yi kuskuren ambaton Fulani, sai Obadiya ya gyara zaman tabarau ya ce, "Tsaya in gaya maka, ni na san mutanen nan." Daga nan sai kowa ya tuna ya bar wani aiki a gida.

A cikin 'ya'yan gidan Arɗon nan akwai Hammanjoda, abokin tasowarsa. Shi Allah ya buɗa masa ta hanyar boko, ya zama likitan haƙori, ya yi aiki a Yola, da aka ba da jihar Taraba ya tattaro ya dawo Jalingo ya buɗe asibitin kansa a Kachalla Sembe. Har furfura ta fara fito musu ba sa kiran juna da suna, sai "Soba", wato aboki. Rejoice kuwa Bappa take ce masa tun tana goye.

Ita Rejoice tun tana aji uku a sakandare haƙori ya shiga ranta. Wata mata ce ta zo makarantarsu da farar riga, ɗauke da wani ƙaton muƙamuƙi na roba da buroshi kamar na wankin bene, ta nuna musu yadda ake goge baki. 'Yan aji suna ta dariya, Rejoice kuwa ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta tuna yadda wani mai cire haƙori na kasuwa ya karya wa mahaifiyarta, Mama Lucy, turmi a cikin dasashi, matar ta yi mako tana birgima da kumburarren kunci. Tun daga ranar ta ce ita wannan farar rigar take so, ba ta nas ba, ba ta ungozoma ba.

A shekarar da aka soke zaɓe ta gama sakandare. Jiha sabuwa ce, ma'aikata sun yi ƙaranci, gwamnati tana ɗaukar nauyin yaro ɗaya duk shekara zuwa makarantar tarayya ta koyon aikin haƙori da ke Inugu. Gurbi ɗaya tak, kuma zagayawa yake yi, bana wannan yanki, baɗi wancan. Sakamakon jarrabawa kawai ake dubawa, ba a tara kowa. Bana na yankinsu ne, Rejoice kuma ita ta zo ta ɗaya.

Mama Lucy, da ke sayar da bandar kifin Lau a babbar kasuwa, ranar da sakamako ya fito ta bar wa maƙwabciyarta tebur ta yi gida da guɗa. Kashegari ta sayo akwatin ƙarfe shuɗi, irin mai kauri da mutum zai zauna a kai bai lotsa ba, ta kai wa mai fenti ya rubuta REJOICE OBADIYA da fari a murfin. Aka ajiye shi a tsakiyar falo, masu zuwa barka suna tuntuɓe da shi.

Ba a yi mako ba sai ga fijo ɗin Likita Hammanjoda a ƙofar gida, da katan na lemo a but. Ya sa wa Rejoice albarka, ya yaba kan yarinya, sannan ya dubi akwatin ya yi ajiyar zuciya.

"Soba, Inugu fa ka ce?"

"Inugu, Soba. Federal ce."

"To. Allah ya tsare." Ya sassauta murya yadda mai sauraro zai matso. "Ni dai ƙasar nan ban ga ta zauna ba. Ka ga mutanen kudu da ke nan suna ta kwashe iyali suna komawa gida, kai kuma ka ɗauki 'ya mace ka tura can. Ga rikicin hanyar Wukari bai gama lafawa ba. Ga strike. Makarantar gwamnati yanzu shekara uku sai ta zama shida, yaro ya tsufa yana jiran malamai su huce."

Mama Lucy ta dafe ƙirji. Ita dama tun da aka fara maganar tafiyar ba ta barci sosai.

"Ni kuma ka san na buɗe makaranta a bayan asibiti," in ji Likita. "Ba strike, ba tafiya. Kullum hannunta a bakin marar lafiya, ba a allo ba. Ta kwana a ɗakin uwarta, ta ci tuwon uwarta. Kuɗin ma rabi za ka ba ni, don dai kar a ce kyauta ce."

"Rajista fa?" Obadiya ya tambaya, don kar a ce hedimasta bai tambayi komai ba.

"Tana hanya daga Legas. Kafin su gama ta iso."

Rejoice na zaune a hannun kujera. Tana son Inugu kamar ranta, amma Bappa ne ke magana, mutumin da ya yi aikin nan shekara da shekaru. Sai wani tunani ya zo mata. Likita yana da 'yar fari, Hamna, sa'arta ce, tun yaye take Lau wurin kakarta. Rejoice ba ta fi sau biyu ta gan ta ba, shi ma tun suna ƙanana, amma ta san bana ita ma ta gama. In makarantar Bappa ta kai yadda yake faɗa, ai da 'yarsa zai fara cika ta.

"Bappa," ta ce, "ita Adda Hamna fa? Nan za ta yi, ko ina za ta?"

Likita ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa kamar yau ya fara ganinsu. Obadiya kuwa ya watsa wa 'yarsa wata harara da ta sa ta haɗiye sauran maganar. Ya yi maza ya juya hira zuwa tsadar man fetur.

Ƙarar fijo ba ta gama ɓacewa ba ya hau ta da faɗa.

"Kin ba ni kunya yau! A gidana, ni da na tashi a cikinsu? Bafillace ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya maganarsa, ba ya nuna ya san ya ci ko bai ci ba. Kin taɓa jin sunan yarinyar nan a bakinsa? Me ya sa kike tsammani aka kai ta Lau? Wannan shi ne pulaku. Kin sa dattijo ya rasa inda zai sa fuskarsa."

"Baba, tambaya kawai na yi."

"Ba a yin ta! Mutumin da ya ɗauke ki tamkar 'yar cikinsa."

Gaskiya ne ba a yin ta, kuma a wurin mutanen kirki kunya ce ta tsakani da Allah. Abin da Obadiya bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne, labule mai kyau ma ana iya ɓoye abu a bayansa.

Rejoice ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta ce ita Inugu. Mama Lucy ta zauna bakin gadonta tana cewa, "In wani abu ya same ki a can, ni zan yi yaya? Ko yarensu ban iya ba." Hawayen uwa ya fi hararar uba ƙarfi. A ƙarshe Rejoice ta saka kayan cocinta, ta bi mahaifinta zuwa ma'aikatar lafiya, ta faɗa da bakinta cewa ta janye. Jami'in ya tambaye ta sau biyu ko ta tabbata. Obadiya ne ya amsa na biyun.

Kwana kaɗan bayan haka Hajiya Kadijatu, matar Likita, ta zo gaisuwa. Ta ga akwatin an ture shi bayan ƙofa, ta ƙwanƙwasa murfin ta ce ta zagaye kasuwa ba ta sami mai ƙwarinsa ba.

"Ai ba inda za shi yanzu," in ji Mama Lucy. "Ki ɗauka, in an gama a dawo da shi."

"Useko, na gode. Wata yarinya ce za ta ɗan yi tafiya."

Obadiya ya yi murmushin masana. Da Hajiya ta fita ya rage murya ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Wata yarinya. Ta Lau ɗin ce. Aure za a yi mata, kayan ɗaki ake haɗawa. Ba za su faɗa ba, sai mai hankali ya gane." Ranar har dare yana jin daɗin kansa.

Makarantar Likita ɗaki biyu ce a bayan asibiti, da allon sanarwa a bakin titi mai zanen haƙori wanda duk mai wucewa ke ɗauka doya ce. Ɗaliban ba su cika benci uku ba. Da safe su share, su tafasa kayan aiki a kan risho, in an ɗauke wuta su riƙe wa Likita tocila, in marar lafiya ya fara shure-shure su danne masa kafaɗa. Darasi sai in babu layi. Amma a faɗi gaskiya, Hammanjoda ya iya aikinsa, Rejoice kuma ido gare ta. Kafin shekara ta zagayo ta iya wankin haƙori, ta iya ciko, ta iya allurar kashe zafi ba tare da yaro ya tsala ihu ba. Alhazan da haƙorin Makkansu ya fara girgiɗi ita suke nema. 'Yan matan da ke zuwa a buɗa musu wushirya kuwa ita ke zaunar da su ta hana su, su fita suna zumɓura baki.

Likita ya dogara da ita ƙwarai. Tun daga buɗe ƙofa har rufewa ba ka jin komai sai "Rejoice, kawo auduga. Rejoice, duba min wannan. Rejoice, ina Rejoice?" Tana jin daɗin hakan, har takan ce a ranta watakila Baba ya yi gaskiya. In ta tambayi rajista, amsar ɗaya ce: tana hanya. Da Abuja ta fara karɓe ofisoshi, sai hanyar ta koma ta Abuja.

Shekara uku ta cika, aka yi ɗan biki da shinkafa da lemo, aka miƙa musu takardun shaida masu zanen ruwan gwal a gefe. Obadiya ya sa aka yi wa ta Rejoice gilashi. Ba a daɗe ba aka ji a rediyo gwamnati na neman ma'aikatan haƙori a babban asibiti. Rejoice ta ciro takardar daga gilashin, ta goge takalmi, ta tafi.

Wani mutum mai sanyin magana, Mista Joseph, shi ke karɓar masu nema. Ya juya takardar gaba da baya, ya yaba kyan bugun, sannan ya miƙo mata.

"'Yata, hukumar da ke ba da lasisi ba ta san wannan makarantar ba. Ba lasisi kuma ba za mu bar ki ki taɓa bakin kowa ba."

"Yallaɓai, rajistar tana hanya."

"Ko ta zo gobe, ba za ta koma baya ta ɗauke ku ba. In kina so, akwai aikin shara da wanke kayan aiki a sashen."

Rejoice ta karɓi takardarta. Ta tambaya ko za ta iya sake neman gurbin Inugu. Ya girgiza kai, ya ce an daina ɗaukar nauyin tun bara, kuɗi sun ƙare, kuma wadda aka tura a shekararsu ta gama ta dawo, ita za a ba babbar kujerar. Rejoice ba ta tambayi ko wace ce ba. Ta fito ta taka da ƙafa har Kona, ba ta ma lura da 'yan acaɓan da ke mata hon ba.

Ran Asabar da hantsi tana tsakar gida tana taya Mama Lucy jera kifi a kwando, sai aka yi sallama. Wata doguwar budurwa ce fara, da lulluɓi ruwan toka, direban Likita na biye da ita ɗauke da akwati shuɗi a ka. Ya sauke ya koma mota. Fentin ya kwaile a kusurwoyi, murfin ya sha rubutun alli na 'yan tasha, amma sunan yana nan.

"Ni ce Hamna," in ji budurwar tana dariya. "Ke ce Rejoice ko? Wallahi na daɗe ina son in gan ki. Kin san watan farko a makaranta kowa Rejoice yake ce mini saboda akwatin nan? Har metiron. Na gaji da gyara musu."

"Wace makaranta?" Rejoice ta tambaya, ko da yake jikinta ya riga ya ba ta.

"Inugu mana. Au, ba a gaya miki ba?" Hamna ta zauna a kan turmi, ta kama hannunta. "Ni fa godiya na zo yi. Ni ce na zo ta biyu a bayanki. Ranar da sakamako ya fito na yi kuka har na gode Allah, sai ga direba ya iso Lau da yamma, wai a ce mini in share hawaye in fara shiri, ta ɗayan ba za ta je ba. Daga baya kakata ta ce wai ke ba kya iya nisa da Mama. Na ce kai, wannan yarinya ta yi mini abin da ba zan manta ba."

Kifin da ke hannun Mama Lucy ya faɗi ƙasa.

Ranar da sakamako ya fito. Ranar da Mama ta yi guɗa daga kasuwa har gida. A lokacin ba a ma sayi akwatin ba, balle fijo ya tsaya a ƙofar gida da katan na lemo. Rejoice ta dubi fuskar Hamna tana neman inda za ta tsane ta, ba ta samu ba. Yarinyar ba ta san komai ba, murna kawai take yi, tana ba da labarin ɗakin gwaji da kujeru masu tashi da kansu, da yadda aka yi yajin aiki sau ɗaya suka huta wata biyu suka koma. Wannan ya fi komai ci wa Rejoice rai.

Obadiya yana ɗaki, ya ji komai ta taga. Da baƙuwar ta tafi ya fito ba tabarau, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa.

"Baba, ashe auren ke nan," in ji Rejoice. Ba ta taɓa yi masa magana da wannan muryar ba.

Ya koma ya sako hula ya ce ta taso.

Sun sami Likita ya gama da wani tsoho, yana wanke hannu. Ya tarbe su da fara'a, ya jawo wa abokinsa kujera. Obadiya ya fara da Fillanci, ya gaida gida, ya gaida aiki, ya bi ta Lau, ya bi ta zamanin Arɗo, yana ta kewaye-kewaye kamar mai neman ƙofar gidan da ya sani. Da ƙyar ya iso.

"Soba, yarinyar da ta kawo akwati yau... ta ce tun ranar farko..."

Likita ya sunkuyar da kai, ya dubi takalminsa, daidai yadda ya yi a falonsu shekara uku da suka wuce.

"Haba Soba. Kai ka fi kowa sanin ba ma wannan maganar."

Sai Rejoice ta ga abin da ya ƙarasa karya mata zuciya. Mahaifinta ya gyaɗa kai. Ba da niyya ba, sabo ne, kansa ne ya yi da kansa kafin ya ankara. An cuce shi, an cuci 'yarsa, amma an ce masa ya fi kowa sani, ya kuma gyaɗa kai.

"Ni ban sani ba, Bappa," ta ce. "Ni zan yi maganar. Hamna. Ka san ita ce ta biyu ranar da ka zo gidanmu?"

Ɗaliban da ke tafasa kaya a baranda suka daina motsi. Likita ya ɗago, ya ɗauki tawul yana goge hannun da ya riga ya bushe.

"Rejoice, ki kwantar da hankalinki. Rejoice, me kika rasa a nan? Aikin da kika iya, waɗanda suka je can ma ba su iya shi ba. Ki zauna tare da ni, zan sa miki albashi. Rajista kuma..."

"Tana hanya."

"Rejoice, ke fa 'yata ce. Allah ya sani ban taɓa bambanta ki da 'yar cikina ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Mutumin da ya koya mata riƙon allura, wanda take tashi tsaye in ya shigo, wanda ta bar Inugu saboda maganarsa. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji kunya ba, baƙin ciki ne kawai ya cika ta.

"Bappa, shekara uku kana kiran sunana daga safe har yamma. Yanzu ma tun da muka shigo ba ka huta da shi ba. Wadda take taka, ko sau ɗaya ban ji ka kira nata ba. Da ni taka ce, da ka ji nauyina."

Ta cire farar rigarta daga ƙusar da take rataye ta, ta duba, ta ga tambarin doyar nan a aljihu, ta mayar da ita. Ta fita ba ta yi sallama ba.

Obadiya ya biyo ta a baya. Tun daga Kachalla Sembe har Kona bai yi bayanin komai ba, abin da ba a taɓa gani ba. A bakin ƙofa ne ya ce, "Da na bar ki kin yi tambayarki." Ba ta juyo ba.

Akwatin yana tsakar gida inda direba ya sauke shi, Mama Lucy ta kasa taɓawa. Rejoice ta durƙusa ta buɗe. Ba komai a ciki sai ƙamshin sabulun wata da tsohuwar jaridar da aka shimfiɗa a ƙasa. Ta rufe, ta sa gefen zaninta ta goge allin 'yan tasha daga kan sunanta. Akwatin ya je Inugu, ya yi shekara uku, ya dawo. Ta ja shi zuwa ɗaki ta tura ƙarƙashin gado.